Kafin ka ƙara wa Sherpa silo, duba waɗannan

Ɗana, tambayarka ta iso ni. Ka ce tsohon babur ɗin nan, Bultaco Sherpa T, da kake gyarawa yana tashi lafiya, yana gudu lafiya a fili, amma da zarar ka shiga cikin duwatsu ka sassauta totur sai ya yi tari ya mutu, idan kuma ka ɗan murɗa sai ya zabura kamar an tsikare shi. Kana so ka san ko ka ƙara silo ne, ko ka sa masa jet mai faɗi, wato ɗan bututun da ke auna man da ke shiga kafireta.

Kada ka yi ko ɗaya tukuna. Ka fara sanin abin da aka ƙera babur ɗin nan ya yi. Don wasan tirayal aka yi shi, wato ratsa duwatsu da gangara a kan babur, kuma a wasan ba a auna gudu. Alƙali yana tsaye yana kallon ƙafarka: ka taka ƙasa sau ɗaya maki ɗaya a kanka, sau biyu maki biyu, fiye da haka uku, idan kuwa injin ya mutu ka tsaya cik, biyar ne. Mai ƙarancin maki shi ne gwani. To ka ga duk rayuwar injin tana cikin ɗan murɗin farko na totur, wanda bai kai kaurin farcenka ba. Kafin 1965 manyan baburan Ingila masu bugu huɗu ne ke riƙe da wasan, irin Ariel mai cc 500 da Sammy Miller ke hawa. Miller ɗin ne ya je Sifen ya yi aiki da Francisco Bultó, mai kamfanin Bultaco, suka fito da Sherpa mai bugu biyu, mara nauyi, ya ci gasar kwana shida ta Sikotland da shi a 1965. Abin da ya ba mutane mamaki a lokacin shi ne yadda ƙaramin injin yake ja a hankali ba tare da ya mutu ba. Idan naka ba ya yin haka, wani abu ne ya lalace, kuma ƙara silo rufe ciwon ne kawai. Zai ma jawo maka wata matsalar: a gangara, ko a kwana mai tsauri, babur zai riƙa tura ka gaba lokacin da kake so ya lafa.

Fara da kafireta. A kafireta ƙirar Amal da ke jikinsa akwai wata siririyar hanya da mai ke bi lokacin da totur yake kusan rufe. Fetur idan ya daɗe a ajiye yakan bar danƙo, kuma nan yake fara toshewa. Kwance ta gaba ɗaya, ka cire sukurun iska, ka fesa maganin wanki ta ramin, ka tabbata ka ga ya fito ta ƙananan ramukan da ke cikin maƙogwaron kafiretar da idonka. Busa iska kawai ka ce ai ta fita ba ya wadatarwa. Sannan ka mayar da sukurun har ya zauna a hankali, ba da ƙarfi ba, ka dawo da shi juyi ɗaya da rabi. Daga nan za ka fara neman saiti bayan injin ya yi zafi: murɗa sukurun ciki yana ƙara mai, waje yana ƙara iska. Rubu'in juyi, ka saurara, wani rubu'in, ka saurara. Ka kuma sa yatsa ka girgiza silaid, wato ƙarfen da totur ke ɗagawa a cikin kafireta. Idan yana kaɗawa a gidansa, ya cinye, iska tana sata ta gefensa, kuma babu saitin da zai zauna.

Inda nake zargi sosai shi ne oyilsil na kiran, wato robobi biyu da ke toshe gefe da gefen sandar da fistin ke juyawa. Injin bugu biyu yana shaƙar mai ta cikin kwanon kiran, saboda haka dole wurin ya kasance a toshe ruf. Roba ce, ta shekara hamsin, ta bushe. Idan na gefen magineto ne ya mutu, injin zai riƙa shan iskar banza, silo ya hau ya sauka da kansa, ka saki totur ya ƙi lafawa nan take. Idan na gefen kuloci ne, zai zuƙi baƙin mai, ka ga hayaƙi mai kauri da filogi jiƙe, man kuloci kuma yana raguwa ba ka ga inda ya zuba ba. Na taɓa ɓata kwana uku a kan kafireta mai lafiya, ashe wannan robar ce. Tun daga ranar, duk tsohon injin da ban san tarihinsa ba, ina canza su biyun kafin in saurari komai.

Wuta kuwa ba ta da wahala. Goge kwantak, ka ba shi tazarar milimita 0.4, ka saita taimin yadda littafin samfurinka ya ce. Idan wuta ta yi gaba da yawa, injin yakan yi fizga. Kondensa idan ya tsufa yakan yi lafiya da sanyi ya ci amana da zafi, to ka canza shi.

Yanzu kai kanka. Na san kana kallon masu hawan baburan zamani suna wasa da kuloci da yatsa ɗaya suna tsalle, sai ka ɗauka haka ake yi. Sherpa ba haka aka gina shi ba. Yana da filawil mai nauyi, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da injin, kuma nauyin nan ne ke ɗauke da injin daga bugu zuwa bugu. Mutanen da suka hau shi a zamaninsa sukan saki kuloci a bakin shiga duwatsu, su bar shi. Ka ba da mai kafin dutsen, a inda taya ke da abin kamawa, ka sassauta yayin da tayar baya ke hawa, filawil ya ƙarasa maka. Wanda ya jira sai ya hau dutse sannan ya murɗa, taya za ta yi ta juyawa a banza, ƙafarsa ta sauka. Ka tsaya a kan matakan ƙafa, gwiwa a sake, nauyinka a ƙafafu, hannuwa ba su ɗauke da komai sai jagora. Idonka kuma ya kasance inda za ka, ba kan tayar gaba ba.

Ban san nawa ka hura wa tayoyin ba, amma yawancin sababbin hannu suna cika su. Baya psi 4 zuwa 5, gaba kamar 6, a kan rim mai inci 18 a baya da 21 a gaba. Da wannan ƙarancin iskar taya takan so ta zame a kan rim ta tsinke bakin tub, don haka ka ɗaure ƙusoshin da ke maƙale ta da rim sosai. Notin bakin tub kuma kada ka matse shi da rim, ka bar shi sama. Ranar da ka ga bakin ya karkace, taya ta fara tafiya ke nan, sai ka gyara kafin ya yage.

Idan ka gama, ga gwajin da nake so ka yi. Sami fili, sa giya ɗaya, saki kuloci, ka yi ta zana lamba takwas kana ƙara matse ta har kan babur ya kai ƙarshen juyinsa, ba ka taɓa kuloci ba, ba ka sauke ƙafa ba. Ka yi minti goma, sannan ka cire filogi ka faɗa mini launinsa.