Kamfani ya ƙi busasshen rogona, in niƙa shi alabo?

Tambaya: Malam, ni manomi ne a Nasarawa. Wani dillali ya ce kamfanoni na neman busasshen rogo, na yanka mai ɗaci na shanya har buhu 40. Yanzu ya dawo ya ce ba su karɓa ba. Wai me suke yi da shi ne, me ya sa suka ƙi nawa? Ina tunanin in niƙa shi alabo in sayar, tunda an ce rana tana kashe gubar.

Amsa: Allah ya mayar maka da alheri. Kamfanonin ba abu ɗaya suke nema ba, kuma dillalai ba sa faɗin wannan. Yankakken busasshen rogo, masu abincin kaji da dabbobi da masu yin itanol (sinadarin da ake haɗawa da fetur) ne ke saye. Irinsa Tailan ke tura wa Sin jirgi-jirgi. Masu biredi da biskit da masu gam na kwali da katako, tsabtataccen gari suke so, wanda aka ɓare, aka gurza, aka matse, aka busar cikin awa 24 ba tare da ya yi tsami ba. Masu sitaci da ruwan gulukos kuwa galibi ɗanye suke saye. Tun 2005 gwamnati ke maganar sa kashi 10 na garin rogo a biredi, amma manomi har yau bakin dillali yake saurare.

A kasuwar duniya ana so danshi kada ya wuce kashi 14, sitaci ya kai 65, yashi kada ya haura 3. Ɗauki guda ka karya. In ya yi ƙas, cikinsa fari fat, ya bushe. In ya lanƙwashe, bai bushe ba. In kuma ka ga jijiyoyi baƙi-baƙi a ciki, to rogon ya kwana biyu ko uku kafin a yanka, ko ya daɗe a shanya. Na bakin kwalta kuma yashi da ƙura ke kayar da shi.

Batun alabo ne ya fi tayar da hankali. Wannan magana ta "rana tana kashe guba" ta yi yawa. Gubar rogo, wato sayanayid, a ɗaure take cikin ƙwayoyin naman rogon. Ba ta fita sai an farfasa su, ta haɗu da wani sinadari da ke cikin rogon kansa, a cikin danshi, sannan ta tashi ta bi iska. Shi ya sa gurzawa da matsewa, ko jiƙo na kwana uku zuwa biyar, ke fitar da mafi yawanta. Yanka kawai a baza a rana wani ɓangare yake cirewa. Abin da mutane ba sa yarda da shi ma: in ya bushe da gaggawa, aikin yana tsayawa, gubar ta zauna a ciki. Farin gari mai kyan gani, amma da guba.

Ƙa'idar duniya ga garin ci ita ce kada gubar ta wuce miligiram 10 a kilo, alhali ɗanyen rogo mai ɗaci yakan wuce 100 nesa. Wanda ya ci tuwon garin da bai rabu da gubar ba zai fara da jiri, ciwon kai da amai, yara kan mutu. Cin sa yau da gobe ba tare da nama ko wake ba shi ke kawo cutar konzo mai shanye ƙafafu, wadda ta ɓarke a arewacin Mozambik a lokacin fari na shekarar 1981, kuma ƙafar ba ta dawowa.

Ka zazzage buhunan ka tsince. Mai fumfuna ko warin ruɓa a zubar, ko kaji kada a ba. Mai kyau ka sake shanya shi a kan tamfol ko siminti, ka kai samfur wurin masu haɗa abincin dabbobi da kanka. In kuma dole sai alabo, jiƙa shi kwana uku ruwa ya shanye kansa, a sauya ruwan kullum, a wanke, a sake busarwa kafin a kai injin niƙa.