Amsar Gwaggo Kan Al'adar Masu Jinyar Laka

'Yata, saƙonki ya iso. Allah Ya ba maigidanki lafiya daga wannan rauni na laka, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Kin ce masu jinya sun kafa miki doka biyu: a taimaka masa ya yi bayan gida a lokaci guda kullum, kuma kada a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta. Kina tambaya ko al'ada ce kawai da suka gada. Al'ada ce, amma ba banza aka kafa ta ba.

Tun ina aikin jinya mun san in laka ta ji rauni, saƙon da ke kai-komo tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji yakan tsinke, hanji ya yi nawa, bayan gida ya daɗe a ciki. Shi ya sa ake saba masa da lokaci, galibi bayan cin abinci, sa'ad da hanjin ke motsi da kansa. Wanda rauninsa ke daga tsakiyar ƙirji zuwa sama kuwa, cushewar ciki kaɗai na iya tayar masa da hawan jini mai haɗari. Na gani da idona.

Abin da ba mu sani ba a zamaninmu shi ne ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji. Tiriliyoyi ne, kuma da yawansu masu amfani ne: suna narka harzar abinci, su fitar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji, su lafar da kumburi. In hanji ya yi nawa sai zamansu ya rikice, bangon ya fara yoyo, garkuwar jiki ta harzuƙa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka sun ba ɓeraye maganin da ya hargitsa waɗannan ƙwayoyi kafin raunin laka, sai kumburin lakarsu ya ƙaru, tafiyarsu ta ƙi dawowa sosai. Waɗanda aka ciyar da bakteriya masu amfani bayan raunin sun fi farfaɗowa.

To amma ɓera ba mutum ba ne. Kada ki ruga ki sayo kwalaben bakteriya masu amfani da ake talla wai za su tayar da shi.

Game da doka ta biyu kuwa, mai robar fitsari kan yawaita kamuwa da cutar mafitsara, kuma duk zagayen maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ya share masu amfanin tare da miyagun, wani lokaci har ya jawo gudawa mai tsanani. In ya yi zazzaɓi, a gwada fitsarin tukuna. In likita ya rubuta, ya shanye duka.

Ki gaishe shi, ina nan tafe.