Ƙafa nawa ne tsayin ganuwar tafkinka, Alhaji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Bauchi. Shekara 3 ke nan da na zuba jari a wajen wankin kuza a yankin Toro, ƙanin maiɗakina ne ke kula da wurin. Muna da tafki da aka tare da ganuwar ƙasa, inda ruwan wanki da laka ke taruwa. Yanzu ya cika, yana so in ba shi naira miliyan 8 a ƙara wa ganuwar tsayi, a sayi injin ban ruwa na biyu. Ya ce kafin damina biyu kuɗin zai ninka, kuma ƙaramin tafki irin namu babu ruwan hukuma da shi. In bayar?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka bayar tukuna. Sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman abu ɗaya, ban same shi ba: ƙafa nawa ne tsayin ganuwar? Ka ce ƙarami ne, amma bakin surukinka ka ara. Kai da ba ka karɓar masara sai an auna a gabanka da tiya, yaya ka zuba miliyoyi a bayan tarin ƙasar da ba ka taɓa sa mata igiyar awo ba? Nan kuskurenka yake. Zancen ninkawar kuɗi kuwa ka ajiye shi gefe, na gaji da jin sa, babu wanda ke riƙe da farashin kuza a aljihunsa.

Surukin naka ya kama gefen gaskiya. Kusan ko'ina girman madatsa ne ke jawo idon hukuma. A Amurka, tafkin laka na mahaƙar kwal da ganuwarsa ta kai ƙafa 20, ko ta kai ƙafa 5 amma tana riƙe da abin da ya kai kimanin lita miliyan 25, dole a kai tsarin gininsa a amince, a kuma riƙa duba shi a kai a kai. Da jini aka rubuta wannan doka: a watan Fabrairun 1972 irin wannan madatsa ta ɓalle a wani kwari na jihar Wes Bajiniya, mutum 125 suka mutu. A nan gida ma dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 manyan ayyuka ta fi sa wa ido.

To amma ka fahimci ma'anar ƙanƙanta. Ma'anarta babu injiniyan da zai zo ya duba maka, kai ne mai dubawa. Ba ta ɗauke maka alhaki ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi nauyin kare muhalli da biyan diyyar amfanin gonar da aikinsa ya lalata. Kuma ranar da ruwa ya shiga gonakin mutane, mai jari za su nema, ba yaron da ke tsaye a bakin rami ba.

Bari mu yi lissafi. A ce tafkin mita 40 ne a tsawo, 25 a faɗi, zurfinsa mita 3. Lita miliyan 3 ke nan, wato tankar mai kusan 90 jere a bayan ƙasar da aka tula da shebur. Sannan ƙarfin da ruwa ke tura ganuwa da shi ba ya tafiya daidai da zurfi: in ka ninka zurfin sau biyu, turin ya ninka sau huɗu. Kowane ƙarin tsayi yana fitar da tafkin daga sahun ƙanana, ko da kuna ci gaba da kiran sa ƙarami.

Na san wani bawan Allah da ya yi irin wannan da ɗan yayarsa. Duk rani a ɗora ƙasa a kan tsohuwa, ba daddanƙarawa, ba mafitar ruwa, ba ko layi ɗaya a littafi. Na je wurin sau ɗaya. A gindin ganuwar na ga ciyawa kore shar a tsakiyar rani, ruwa ja yana tsattsafowa har takalmina ya nutse. Na gaya masa, ya ce yaron ya san aikinsa. Cikin Agusta aka kwana ana ruwa, kafin asuba laka ta shafe gonakin shinkafa na mutum 6 da rijiyar unguwa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. A gaban hakimi aka tambaye shi yaushe aka ƙara tsayin, wa ya yi aikin, ya kasa cewa komai. Babbar motarsa ya sayar ya biya diyya, har yau shi da yayar tasa gaisuwa kawai ke haɗa su. Wannan ya fi asarar motar yi mini ciwo.

Saboda haka wannan makon ka je da ƙafarka. Ka auna tsayin daga gindi ta waje, ka auna tazarar da ta rage tsakanin ruwa da saman ganuwa, ka zagaya ka ga gonar wa da gidan wa ke ƙasa da ita. Ka sayi littafi mai bango ka rubuta da kwanan wata, ka ɗauki hoto da wayarka. Ka nemi ganin lasisin da idonka, ka san sunan wa ke kai.

Daga nan ka ɗauko injiniya wanda ba surukinka ne ya kawo shi ba. Ina kyautata zaton zai ce a kwashe lakar da rani, a haƙa tafki na biyu mara zurfi a ƙasan na farko, a yi mafita da dutse. Ka ware kamar miliyan 2 zuwa 3 don wannan, ka riƙa biya kashi kashi bayan ka ga aiki. Sauran ya zauna a hatsinka. In surukin ya ji haushin awo, ka sanar da maiɗakinka da kanka kafin labarin ya iso mata ta wani bakin. Maganar inji na biyu kuma sai damina ta wuce, ka rubuto mini da abin da littafin ya nuna.