Ladan Kuturu da Kuɗin Hukumar Lafiya ta Duniya

Wani ma'aikacin asibiti daga Zariya ya rubuto: "Malam, na ji ana gardama a rediyo kan yadda attajirai da manyan ƙasashe ke juya Hukumar Lafiya ta Duniya da kuɗinsu. Wani ya kira abin cin hanci. Kalmar ta dace?"

Ba ta dace ba, ɗan'uwa. Cin hanci shi ne a ba mutum wani abu a ɓoye don ya karkatar da hukunci ko ya kau da kai. Rashawa, da kullum muke jerawa da shi, aro ce daga Larabci, kuma ma'anarsu ɗaya. Toshiyar baki ta fi su ƙunci: ita ana bayar da ita ne ga wanda ya ga abu don kada ya faɗa.

Kuɗin da kake magana a kai kuwa da rana tsaka ake bayar da su, har a buga a rahoto. Hukumar tana da hanyar samu iri biyu. Akwai kuɗin ƙa'ida da kowace ƙasa ke biya gwargwadon ƙarfinta, wanda aka daɗe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kasafinta ba. Sauran duk gudummawa ce ta ganin dama, mafi yawanta kuma da sharaɗi: mai kuɗi shi ke faɗar aikin da za a yi da su. Gidauniyar Gates, ta attajirin Amurka Bill Gates, na cikin manyan masu bayarwa, kuma kaso mai tsoka na kuɗinta a yaƙi da shan inna yake tafiya. Mutanenmu sun ga alamar haka tun ba su san dalilin ba, lokacin da suke tambayar me ya sa ake bin su gida-gida da ɗigon rigakafi alhali asibitin unguwa ba maganin zazzaɓi. Aikin dai ya yi amfani, don a 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta daina yaɗuwa a Afirka. Amma tambayar tasu ba ta banza ba ce.

Abin da ya dace da wannan hali karin magana ne: kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. A lura, lada a nan ba na lahira ba ne. Tsohuwar ma'anarsa ce ta kuɗin aiki, irin wanda ake ba ɗan dako ko dillali. Wanzami yana ƙyamar taɓa kan kuturu, amma tunda ya karɓi kuɗin ya kashe, zaɓi ya fita daga hannunsa. Haka hukumar take da masu ba ta gudummawa: ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi ƙarya. Ƙasashen da ke cikin hukumar su ma sun gane haka, shi ya sa a 2022 suka amince a riƙa ƙara kuɗin ƙa'ida har su kai rabin ainihin kasafin nan da 2030 zuwa 2031.

Ni kam ba na son yadda karin maganar ke ɗaukar kuturu abin gudu, don kuturta tana warkewa. Abin dariyar ma, maganinta da hukumar ke rabawa kyauta tun 1995 shi ma na masu gudummawa ne: gidauniyar Nippon ta Japan ta fara biya, daga 2000 kamfanin magunguna na Novartis ya ɗauka.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ita kuma ta tambayi bambancin almundahana da ruf da ciki.

Malama, almundahana daga mudahana ta Larabci take, tushenta ɗaya da kalmar mai na shafawa, wato a shafe abu ya yi santsi a ido. A Hausa ta koma cuta da aka lulluɓe da takarda. Ruf da ciki kuwa hoto ne: mutum ya kwanta a kan dukiyar da aka ba shi amana, ya rufe ta da cikinsa. Na farko yana buƙatar dabara, na biyu ƙarfin hali kawai.

Ga misali: a 2017 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta amsa da bakinta cewa sama da dala miliyan 5 na kuɗin yaƙi da Ebola sun salwanta a Afirka ta Yamma. A Laberiya an ƙara wa kaya farashi, an kuma biya albashi ga ma'aikatan bogi. A Gini takardun kwastan na jabu aka yi. A Saliyo ma'aikata ne suka haɗa baki da mutanen banki wajen canjin kuɗi. Duk wannan almundahana ce, don kowane kwabo ya fita da rasit.

Kin kuma tambaya ko za a iya kawo "in ɓera da sata, daddawa ma da wari" a nan. Za a iya, in nufinki shi ne wanda ya zuba kuɗi masu yawa cikin gaggawa ba tare da mai bin sawu ba shi ma yana da nasa kason laifin. Sai dai kada ki faɗe ta a gaban waɗanda suka rasa 'yan'uwa a annobar, don za su ji kamar kina wanke ɓeran ne.