Gajiyar da Barci Ba Ya Maganinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 9 a ɗakin mata na wani asibitin gwamnati. A da, da zarar majinyaciya ta yi nishi nakan taso da sauri, amma yanzu haushinta nake ji, har na fara kiran marasa lafiya da lambar gadonsu maimakon sunansu. Ko na yi barci gajiyar ba ta sakina. A makaranta an koya mana ƙa'idar Orem ta kula da kai. Shin ni ce na kasa aiki da ita a kaina? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika bayyana sananne ne, ana kiransa "burnout" da Turanci, wato ƙarewar kuzari saboda matsin aiki, kuma masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kansa tun 1974, bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta na birnin New York suke farawa da zumuɗi, sannan a hankali kuzarinsu ya ƙare. Daga baya wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Christina Maslach, ta bayyana alamominsa uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, yin sanyi da nisantar mutanen da ake yi wa hidima, da jin cewa aikin ba ya haifar da komai. Kiran mace da "gado na shida" alama ta biyu ce ƙarara, kuma sau da yawa hanya ce da zuciya ke bi ta kare kanta idan nauyi ya fi ƙarfinta.

Ita kuwa Dorothea Orem, ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka da ta fitar da littafinta a 1971, majinyaci ta sa a gaba. A ganinta jinya tana shigowa ne a lokacin da bukatun mutum suka zarce abin da zai iya yi wa kansa, wato aka sami giɓi a kula da kai, kuma cikin bukatun da ta lissafa akwai ruwa, da abinci, da daidaito tsakanin aiki da hutu. To ki auna kanki da wannan ma'auni. Wadda ta kwana tana sa ƙarin ruwa da hasken fitilar waya, kular abincinta na ajiye ba ta buɗe ba har asuba, ai ita ma ta shiga giɓin da Orem take magana a kai, kuma a ƙa'idar tata, mai giɓi taimakonsa ake yi, ba a ɗora masa laifi.

Shi ya sa ban yarda cewa gazawarki ce ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiya a matsayin abin da matsin wurin aiki ke haifarwa idan ba a shawo kansa ba. Saboda haka barci da cin abinci a kan lokaci za su rage miki, amma ba za su ƙara yawan ma'aikata a ɗakinku ba. Ki sami shugabar sashenku ku duba jadawalin aikin dare tare, ki karɓi hutunki na shekara cikakke, kuma ku kai kuken ƙarancin ma'aikata a rubuce ta hannun reshen ƙungiyarku ta ma'aikatan jinya da ungozoma.

Idan kuma baƙin cikin yana bin ki har gida, ya hana ki cin abinci ko jin daɗin zama da 'ya'yanki fiye da mako biyu, ki ga likita, domin yana iya zama ciwon damuwa, wanda shi maganinsa daban ne.