Amsar Kawu kan farar damisa da auren zumunci

Toh ɗana, na ga saƙonka da bidiyon farar damisar nan, kana tambaya wai tunda haɗa jini ɗaya ne ya nakasa su, me ya sa mu har yau muke riƙe da auren zumunci, ga shi kuma maganarka da 'yar gwaggonka ta taso. Ka yi kyau da ka tambaya, amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Ita wannan damisar ta Indiya ce mai ratsi-ratsi, ba irin tamu mai ɗigo-ɗigo ba, kuma farar ba wani jinsi ba ne daban, ba kuma zabiya ba ce, duba da kyau ratsinta na nan, ido shuɗi. A 1951 sarkin Rewa, Martand Singh, ya kamo wani farin ɗan damisa a daji ya sa masa suna Mohan, ya ajiye shi a fadarsa ta Govindgarh. Da ya girma aka haɗa shi da mace mai launin da aka saba, 'ya'yan duk suka biyo uwa, ko ɗaya babu fari. Sai suka ɗauko 'yar cikinsa Radha suka haɗa su, a 1958 ta haifi huɗu farare tas, ɗaya daga ciki ma Mohini har gidan zu na Washington aka kai ta a 1960. Yawancin fararen da kake gani a waya tsatson nan ne.

Shi farin ɓoyayyen gado ne, sai ɗa ya samo shi ta wajen uwa da uba duka zai fito, in su biyun suna ɗauke da shi a ɓoye to kowane ɗa da za a haifa ɗaya bisa huɗu ne ya zo fari. Masana a jami'ar Peking ta China suka gano ƙwayar halittar a 2013, SLC45A2 suke ce mata. A daji da wuya masu ɗauke da shi biyu su gamu, shi ya sa ba ta da yawa tun asali. Masu gidajen zu da 'yan wasa da dabbobi kuwa da suka ga jama'a na tururuwa da kuɗinsu, sai suka dinga haɗa uba da 'ya, wa da ƙanwa, shekara da shekaru, aka riƙa haifo masu harara-garke, masu karkataccen ƙashin baya, wasu ko kwana ba sa yi. Wallahi abin yana min ciwo, zalunci ne, kuma suna fakewa da wai ceton dabba suke. A 2011 ƙungiyar gidajen zu ta Amurka ta hana mambobinta wannan kiwo. Aikin ceto na gaske a daji yake, Indiya ta fara shirinta tun 1973, ƙidayar 2022 ta nuna damisoshin dajin ƙasar sun haura 3,600.

Yanzu mu dawo gida. Abin da aka yi wa Mohan addini ya haramta mana shi, 'yar gwaggo kuwa halal ce. Iyayenmu sun yi ne don an san asali, an san tarbiyya, gona ba ta fita dangi, in an samu saɓani manya su zauna a tsakar gida su kashe wutar. Ni ban yarda a zubar da wannan ba. Amma ban yarda da a yi ta maimaitawa kaka da jika a gida ɗaya ba, don ɓoyayyen gadon nan mu ma muna da shi, ga sikila, AS da AS lissafin ɗaya ne, ɗaya bisa huɗu SS. Bare ma zai iya zama AS, sai dai ku da kuka haɗa kaka kun fi kusa da ɗauko abu iri ɗaya. Wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro yana murƙususun ciwon ƙashi, ana neman jini da tsakar dare, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Don haka kafin a kai kuɗin gaisuwa ku je ku yi gwajin jini ku biyu, a wuri mai kyau, a Kano ma tun 2024 doka ce. In sakamakon ya fito ka fara turo min, ni zan tunkari babanka da gwaggonka, kai kar ka ce musu komai tukuna.