Sirdin Vespa na Tafiyar Damagaram

Yaro, na ga saƙon da ka turo mini bayan sallar isha'i a kan mutumin da ya kawo tsohuwar Vespa PX yana son a gyara masa sirdinta, domin zai riƙa zuwa Damagaram sau biyu a wata, kuma ka ce niyyarka ita ce ka cire soson da ke ciki ka cusa masa mai laushi irin na katifa, ka ƙara masa tudu. Da wata tambaya ce da na bar ta sai mun haɗu a shago, domin ban saba koyar da sana'a ta waya ba, amma wannan ta fama mini wani tsohon miki, shi ya sa na zauna na rubuta maka da tsawo. Ina so ka karanta har ƙarshe, kada ka yi mini irin karatunku na ƴan yanzu, wanda kuke duba layi biyu ku ce kun gane.

Ba zan ɓata lokacina wajen gaya maka yadda ake kwance sirdi ko ɓare tsohuwar leda ko shafa gam ba. Wanda ya shekara uku a gabana bai iya waɗannan ba, gara ya nemi kura ya shiga garuwa.

Daga Maradi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, kuma a kan Vespa mai hankali ba zai ci wannan hanya a ƙasa da awa huɗu ba. Tun da kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da ita a 1946, an ƙera ta ne domin mutum ya zauna a miƙe kamar yana kan kujera, ƙafafunsa a shimfiɗe a gabansa, kuma PX da ta fito a 1977 ba ta sauya wannan zama ba. Mai babban babur yana iya dogarawa a kan matakai ya ɗaga jikinsa idan ya hango rami, shi kuwa mai Vespa nauyinsa kusan gaba ɗaya yana kan ƙasusuwa biyun nan na mazaunai. Soso mai laushi yana yi masa daɗi daga ƙofar shago zuwa Cadawa. Kafin ya kai Agye soson ya lotse, ƙasusuwan sun sauka a kan ƙarfe, gefen soson kuma ya taso ya rungume cinyoyinsa yana tara zafi da gumi, har idan ya sauka a Tasawa domin shan ruwa sai ya dafa bango kafin ya iya miƙewa. Wannan ba a littafi na karanta shi ba, da kuɗina na saye shi.

A ƙarshen 1993, ina da shekara biyu da buɗe shagon kaina a Sabon Gari, wani Alhaji mai harkar atamfa ya aiko a kira ni. Yana da Vespa shida da yaransa suke hawa suna bin kasuwanni karɓar kuɗin bashi, daga Tasawa har Madawa, kuma ya ce yana son a sake wa dukansu sirdi. Muka yi ciniki a kan jika 12, wato sefa dubu 12, kowane ɗaya, ya ba ni jika 15 na kafin alƙalami, na koma gida ina jin kakata ta yanke saƙa, domin a lokacin sabon aure gare ni kuma ban taɓa riƙe aiki mai girman wannan ba. Na farkon na yi shi ne kamar wanda zan hau da kaina. Na miƙe ƙarfen, na sauya sifirin ɗin da suka saki, na shimfiɗa soso mai tauri a ƙasa da mai matsakaicin laushi a sama, sannan na je wurin majema na zaɓi fatar jar akuyar nan tamu ta Maradi, wadda Turawa da kansu suka san darajarta, na rufe shi da ita. A bayansa na yi ƴar alamata, ɗinki biyu a jere da ƙulli uku a ƙarshe, wadda har yau kake gani ina yi.

Alhaji ya zo da mutanensa, bai ko hau ba, ya danna babban yatsansa a tsakiyar sirdin, ya waiwayi mutanen yana dariya ya ce ai wannan turmi ne aka kife. Na yi masa bayani irin wanda na yi maka yanzu, ya ce kuɗinsa ne kuma laushi yake so, idan ba zan iya ba akwai masu iyawa. A nan ne na yi kuskuren da har yau idan na tuna sai barci ya ƙaurace mini, domin na san gaskiya na kuma bi yatsan mutumin da bai taɓa riƙe allura ba. Sauran biyar ɗin na cika su da soson katifa har suka yi tozo, kuma don in burge shi na tura gutsattsarin soso a ƙarƙashin sifirin. Na farkon kuwa ya ce zai tafi da shi ya nuna wa wani abokinsa, zai aiko mini da shi.

Ledar da soson da na yi biyar ɗin da su bashi na ɗauko a wani kanti da ke shigo da kaya ta Kwatano, kuma saboda sabo ba mu rubuta farashi ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da yake tamkar sefa 50 ya koma sefa 100 a dare ɗaya, mai kanti ya ce shi da sabon farashi zai yi lissafi, tunda da shi zai sake sayo kaya. Ina cikin wannan tashin hankali sai yaran Alhaji suka fara dawowa. Wanda ya je Madawa ya sauko yana tafiya a tattale kamar ɗan kaciya. Wani kuma Vespa ta mutu masa kusa da Gidan Rumji, ya yi ta turi cikin rana, sai da bakanike ya ɗaga sirdi ya ga gutsuren sosona ya kwanta a kan murfin tanki ya toshe ƴar hudar da iska ke shiga. Ka riƙe wannan da kyau: tankin Vespa a ƙarƙashin sirdi yake, mai kuma da nauyinsa yake gangarawa zuwa kafireto, saboda haka idan iska ba ta shiga tanki ba, mai ba zai sauka ba. Wannan laifina ne, ban taɓa musunsa ba.

Amma abin da Alhaji ya yi ba hukuncin laifi ba ne, cin zali ne. Ya bari sai ranar Juma'a, ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da layinmu ya cika da jama'a, ya sa aka zube sirdunan nan biyar a ƙofar shagona, ya tsaya yana ɗaga murya cewa na cuce shi da soson banza, alhali shi ya tilasta mini sa shi a gaban shaidu, shaidun kuwa duk masu cin tuwonsa ne, babu wanda ya buɗe baki. Cikon kuɗina jika 57 ya ce ko dala ba zai ba ni ba. Na tambayi na farkon, ya ce ya ɓata. Na sayar da keken ɗinkina na biyu, na sayar da ragon da nake kiwo domin layya, na yi wata 14 ina biyan mai kanti, kuma kusan shekara guda masu Vespa suna wuce ƙofata suna kai aiki gaba.

Bayan shekara bakwai ina dawowa daga Katsina, mun tsaya a Ɗan Isa ana duba takardu, sai ga Alhaji ya iso a kan tasa Vespa. Fatar ta yi duhu ta yi sheƙi saboda zama, amma ɗinki biyu da ƙulli uku suna nan a bayan sirdin. Turmin da aka kife shi ne yake hawa zuwa Katsina ya dawo duk tsawon shekarun nan. Ya dube ni ya ce, “Malam, ina aiki?” kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙan musulmi, amma jika 57 ɗina ban ce na yafe ba.

To, ga yadda za ka yi da mutuminka. Kafin ka taɓa wuƙa, ka sa shi ya hau ya riƙe kan Vespa kamar yana tafiya, ka lura da inda ƙasusuwansa suka sauka ka shata wurin da alli. Nan ne za ka faɗaɗa ka daidaita shi ya kwanta sosai, da ɗan kwari kaɗan da ƴar tasowa a baya da za ta tare shi, domin sirdin da ya karkata gaba yana sa mutum zamewa, ya wuni yana tokare kansa da hannu har kafaɗunsa su ƙage. Gaban kuma ka sirance shi, yadda idan ya tsaya ƙafafunsa za su taka ƙasa ba tare da gefe ya ci cinyarsa ba. Tudun da kake son ƙarawa kada ya wuce kaurin yatsa biyu. Ƙasa ka sa soson nan mai launi-launi da ake matsewa daga gutsattsari, kamar kaurin yatsa uku, sama ka ɗora mai matsakaicin laushi kaurin yatsa ɗaya, sannan ka lulluɓe su da ƴar leda marar kauri kafin ka sa riga, saboda ruwan damina idan ya shiga soso ta ramin allura, kwana uku mai hawa yana tashi da jiƙaƙƙen wando. Ɗinki kada ya ratsa inda ka shata da alli, kuma igiyar adon nan da kuke so ku zagaya gefe da ita don a ɗauki hoto a sa a waya, ita ce ke yanka cinya a awa ta uku. Baƙar leda kuma ka hana shi, sai idan yana son ya soyu a watan Afrilu lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Idan yana da hali ya sa fata, idan ba shi da shi ka ba shi leda mai haske ka ce ya nemi buzu ya ɗaure a kai ranar tafiya, domin gashin yana barin iska ta ratsa.

Ka duba gindin sirdin da kyau, domin na farko-farkon PX ƙarfe ne da sifirin, na baya kuma roba ce aka zuba, kuma soso komai kyansa ba ya gyara sifirin da ya saki ko robar da ta tsage. Ni a ra'ayina ma, faffaɗan sirdin nan na mutum ɗaya mai sifirin a ƙasa, irin na tsofaffin Vespa da Bajaj Chetak ta Indiya, ya fi dogon nan daɗin tafiya mai nisa, sai dai matasa ba sa son sa don wai ya yi kama da na tsofaffi. Sannan ka danna bayan Vespa ka saki ka gani. Ƙafarta inci 10 ce kawai, kowane rami na hanya yana isowa ga mai hawa, kuma idan sifirin ɗin ƙafar baya ya mutu, ka tura shi wurin bakanike tukuna, in ba haka ba kai zai zaga a Gazawa.

Idan ya zo karɓa ya ɗaga babban yatsa zai danna, ka riƙe masa hannu cikin ladabi ka ce ya hau ya je Tibiri ya dawo. Idan ya nace sai laushi, ka mayar masa da sirdinsa yadda ya kawo shi, ni na ce. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka yanka komai, farashin soso da na leda kuma a rubuta a littafin shago a gabansa da kwanan wata. Gobe zan iso bayan na dawo daga wurin majema, kuma kada in tarar ka taɓa almakashina mai baƙin hannu.